Zagaya tsohon birnin Kano a ƙafa da kan keke: Hanyoyi, wurare da ladubba

Kowace safiya dubban 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati na kutsawa ta Ƙofar Nassarawa da Ƙofar Mata da Ƙofar Kabuga a cikin motoci da A Daidaita Sahu, kowa na saurin isa rumfarsa ko ofishinsa. Kaɗan ne daga cikinsu za su iya faɗin sarkin da ya fara gina ganuwar da waɗannan ƙofofi ke jikinta, ko dalilin da ya sa ake kiran wata unguwa Alfindiki, wata kuma Zangon Barebari.

An tsara tsohon birnin Kano ne tun kafin zuwan mota, domin mai tafiya a ƙasa da mahayin doki da mai kora jaki da raƙumi. Saboda haka mafi yawan tarihinsa yana cikin lunguna ne, inda mota ba ta shiga. Wanda ke son ganin wannan tarihi da idonsa sai ya sauka ya taka, ko ya hau keke, tare da wanda ya san gari.

Yadda irin wannan yawo yake

Yawon buɗe ido da ɗan jagora tsari ne da mutane kaɗan ke haɗuwa su bi hanyar da aka zaɓa tun da farko, suna tsayawa a wurare sanannu, ɗan jagora yana yi musu bayanin kowane wuri. Tafiyar ƙafa ta fi dacewa da tsakiyar gari, inda gidaje suka cunkushe kuma abin kallo yake kusa da juna. Keke kuwa ya fi amfani inda wurare suka yi wa juna rata, kamar ƙofofin ganuwa, domin yana rage nisa ba tare da ya hana mutum tsayawa inda ya ga dama ba.

Tsofaffin birane da dama sun daɗe da mayar da wannan yawo sana'a. A tsohon birnin Fas na ƙasar Maroko, wanda Hukumar Raya Ilimi da Kimiyya da Al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sanya cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1981, mota ba ta shiga lunguna, jakuna da alfadarai ne ke dakon kaya, kuma hukuma ce ke ba 'yan jagora lasisi. A birnin Xi'an na ƙasar China ana ba da hayar keke a saman ganuwar da tsawonta ya kusa kilomita 14, baƙi su zagaye gari a kanta. A Agadas ta Jamhuriyar Nijar, wadda tsohon garinta ya shiga jerin na UNESCO a 2013, a ƙafa ake bin lunguna zuwa fadar sarki da hasumiyar masallaci ta laka mai tsayin mita 27.

Kano tana da irin abin da waɗannan birane ke nuna wa baƙi: ganuwa, fada, kasuwa mai shekaru fiye da 500, da sana'o'in hannu da har yau ake yinsu a inda aka gaje su.

Iyakar tsohon birni

Abin da ake kira cikin birni shi ne yankin da ganuwa, wadda Kanawa ke kira badala, ta kewaye. A yau yankin ya faɗa cikin ƙananan hukumomi uku: Birni da Kewaye, Dala da Gwale. Fagge da Sabon Gari da Nassarawa duk a waje suke.

Kundin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara daga Larabci zuwa Ingilishi a 1908, ya nuna cewa Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara ginin ganuwa. An faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka sake faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Nazaki a farkon ƙarni na 17. Lokacin da sojojin Ingila suka iso a 1903 sun ƙiyasta tsawon kewayenta da kimanin mil 11, wato wajen kilomita 18, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta a gindi kuma ƙafa 40, da rami mai zurfi a bayanta da ƙofofi 13.

Ganuwar ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Akwai gonaki da makiyaya da kududdufai a cikinta, domin idan abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya mutane su samu abinci da ruwa, mutanen ƙauyukan kusa kuma su samu mafaka. Yawancin kududdufan ramuka ne da aka haƙa don ɗiban ƙasar gini.

Aikin ɗan jagora

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Lungunan birni ba su da alluna masu yawa, kuma suna da kwane-kwane da kan rikita ko wanda aka haifa a Kano idan ba a cikin birni ya tashi ba. Aikin ɗan jagora na farko shi ne sanin hanya. Na biyu shi ne sanin mutane: mai unguwa da dattawan da ke zaune a ƙofar gida, shugabannin sana'a a marina da kasuwa, da wanda za a nemi izninsa kafin a leƙa zaure ko a ɗauki hoto. Na uku shi ne sanin tarihi, da iya rarrabe abin da ke rubuce da abin da aka ji a bakin kakanni, ya faɗa wa baƙo kowanne da matsayinsa.

Wuraren da suka fi dacewa a fara neman ɗan jagora su ne Gidan Makama, wanda ke ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, da Gidan Ɗan Hausa, mazaunin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, da kuma Hukumar Yawon Buɗe Ido ta jihar. A marina da Kasuwar Kurmi masu sana'ar da kansu kan yi bayanin aikinsu. Ya kamata a daidaita da ɗan jagora kan ladansa da tsawon lokaci da wuraren da za a je tun kafin a ɗaga ƙafa, a kuma tantance ko kuɗin shiga gidan tarihi da ɗan ihsanin da ake yi wa masu sana'a suna cikin lissafin.

Hanyar ƙafa: daga Gidan Makama zuwa Dala

Hanyar da ta fi tattara muhimman wurare tana farawa daga kudancin fada, ta bi ta masallaci zuwa marina, ta ratsa kasuwa, ta ƙare a kan dutse. Mai tafiya a natse, yana tsayawa yana tambaya, zai cinye rabin yini.

Gidan Makama shi ne ya fi dacewa da zangon farko, domin a nan baƙo zai ga taswirar birni da tsarin ganuwa kafin ya shiga lunguna. Ana danganta ginin gidan da ƙarni na 15, zamanin da Rumfa ke riƙe da sarautar Makama. Bayan 1903 Turawan mulkin mallaka sun yi amfani da shi a matsayin ofis, daga baya aka mayar da wani sashensa gidan adana kayan tarihi. A cikinsa akwai tsofaffin kyamaren ƙofofin birni, kayan yaƙi, kayan sarauta, kayan sana'o'i da hotunan Kano ta da.

Ginin da kansa darasi ne a kan fasahar magina Hausawa. A nan ɗan jagora zai nuna tubali, wanda ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, da azara ta itacen giginya da gara ba ta cika ci ba, da bakan gizo da ke ɗauke da nauyin rufin soro, da makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa a shafe bango don kada ruwa ya ci shi, da zankwaye a kusurwoyin gini da indararo mai zubar da ruwan sama nesa da katanga. Wanda ya gane waɗannan a nan zai riƙa tsinkayo su a tsofaffin gidajen da zai wuce a sauran tafiyar.

Daga nan sai Ƙofar Kudu, babbar mashigar Gidan Rumfa, fadar da Muhammadu Rumfa ya gina kuma sarakunan Kano suka ci gaba da zama a cikinta. Faɗin gidan ya kai eka 33, kuma ban da Ƙofar Kudu akwai Ƙofar Kwaru da Ƙofar Fatalwa. Rumfa ne ake jingina wa shigo da kakaki da figini da takalman gashin jimina cikin al'adun sarauta, da kafa majalisar Tara ta Kano. A zamaninsa ne Shehu Muhammadu bin Abdulkarim Almagili ya zo Kano, ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Filin Ƙofar Kudu a buɗe yake ga kowa, kuma a nan ake jafi a ranar Hawan Daushe. Shiga cikin gida kuwa sai da iznin fada, wanda ake nema tun kafin ranar ziyara.

A arewacin fada Babban Masallacin Juma'a yake. Asalinsa na komawa ga zamanin Rumfa, an sake gina shi fiye da sau ɗaya, ginin da ake gani yanzu mai ƙubba da hasumiyoyi biyu kuma an yi shi ne a ƙarshen zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953.

Marinar Ƙofar Mata

Daga masallaci a miƙe gabas, a wuce Asibitin Murtala, sai marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Marina fili ce mai ramuka masu ƙunci da zurfi da aka daɓe cikinsu. A cikin ramin ake haɗa ruwa da baba da toka da katsi, a bar haɗin ya kwana da kwanaki har ya nuna. Marini yana tsoma yadi ya ɗaga ya bar iska ta buge shi, sai launin ya juye daga kore zuwa shuɗi. Yawan tsomawa shi ke sa launi ya ƙara duhu. Zanen da ke fitowa a jikin yadi galibi mata ne ke ɗaure shi da zare a cikin gidaje kafin a kawo shi marina. Bayan rini sai bugu, inda ake ɗora yadin a kan gungumen itace a yi ta dukansa da tabarya har ya yi sheƙi.

Wannan sana'a ce ta kai sunan Kano har bayan Sahara. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin garin, kuma tufafin Kano na kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Buzaye sun daɗe suna sayen baƙin rawani mai sheƙi na ƙasar Kano, musamman turkuɗin Kura. A yau ramuka da yawa a marinar sun bushe, sakamakon shigowar atamfa da shadda daga waje da kuma rinin sinadari mai sauri da araha. Yadin da baƙo ya saya a wurin yana cikin abin da ke riƙe da sauran ramukan.

Kurmi da unguwannin da ke kewaye da ita

Daga marina hanya ta juya arewa maso yamma zuwa Kasuwar Kurmi, wadda Rumfa ya kafa a gefen rafin Jakara. A nan ayarin fatake daga Arewacin Afirka da Borno da Gwanja ke sauke kaya: gishiri da kanwa da takarda da alharini da goro, su ɗauki fata da tufafi da hatsi. An kuma yi cinikin bayi a kasuwar har zuwa 1903, kuma ɗan jagora na ƙwarai ba ya tsallake wannan babi.

Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari sun ɗauke babban ciniki, amma Kurmi ta riƙe abin da ba kasafai ake samu a wani wuri ba. Akwai layin masu kayan doki, da sirdi da linzami da likkafa da jalala, da layin dukawa masu jakunkuna da takalma da titimi, da masu littattafan addini da allo da tawada, da masu ƙwarya da faifai, da masu turare da magungunan gargajiya, da masu manyan riguna da huluna. Rumfunan a matse suke, wasu layukan mutum biyu ba sa jerawa a cikinsu.

Unguwannin da ke kewaye da kasuwar sunayensu kaɗai sun isa su ba da labarin waɗanda suka gina Kano. Alfindiki ta samo suna ne daga kalmar Larabci mai nufin masaukin fatake. Dandalin Turawa mazaunin Larabawa ne, domin a da su ake kira Turawa kafin sunan ya koma kan mutanen Turai. Zangon Barebari masaukin mutanen Borno ne, Tudun Nufawa na Nufawa, Ayagi kuma ta Yarabawa. Sharifai unguwar zuriyar Almagili ce. Madabo cibiyar malaman Wangarawa ce, waɗanda kundin tarihin ya ce sun zo daga Mali da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385. Agalawa ta ɗauki sunan fataken da suka shahara a cinikin goro, zuriyar da Alhassan Ɗantata ya fito daga cikinta. Soron Ɗinki da Dukawa kuwa sana'a ce ta raɗa musu suna. Mai wucewa a mota ba ya ganin iyakar wata unguwa da wata. Mai tafiya a ƙasa shi ke lura da inda ƙarar keken ɗinki ta ƙare, warin jima ya fara.

Dutsen Dala

Zango na ƙarshe shi ne Dutsen Dala, mai tsayin mita 534 daga doron teku, wanda ake hawa ta matakalar siminti. Nan ne tushen garin. Binciken masu haƙar kayan tarihi ya nuna ana narkar da tama a gindinsa tun wajen ƙarni na bakwai, kuma kundin tarihin Kano ya fara ne da labarin Barbushe da bautar Tsumburbura a wannan wuri, kafin zuwan Bagauda a 999.

Daga saman dutsen ana hango hasumiyoyin masallaci da bishiyoyin fada da rufin Kurmi, da Gwauron Dutse daga yamma. Daga nan Barth ya zana hoton birnin, a lokacin da ya ƙiyasta mazaunansa da kimanin mutum 30,000. Wanda ya tsaya a wurin yau zai ga gine-gine sun cinye gonakin da ke cikin ganuwa, kwanon rufi ya maye gurbin soro a mafi yawan gidaje. Ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, jama'a kan yi dafifi a kan dutsen.

Hanyar keke: bin ƙofofi

Keke ba ya da amfani a cikin Kurmi ko a matsattsun lunguna. Aikinsa shi ne bin sawun ganuwa. Idan aka tashi daga Ƙofar Nassarawa aka nufi arewa, ƙofofin na zuwa ne kamar haka: Ƙofar Mata, Wambai, Mazugal, Ƙofar Ruwa, Dawanau, Waika, Kansakali, Kabuga, Dukawuya, Famfo, Gadon Ƙaya, Na'isa, Ɗan Agundi, Sabuwar Ƙofa, sannan a dawo Nassarawa. Goma sha uku daga cikinsu su ne na asali. Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo an buɗe su ne a zamanin mulkin mallaka. A da kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa, wanda ke rufe ta da dare ya buɗe da safe, kuma sarautar tana nan a gidajen da suka gaje ta.

Ƙofa biyu na da alaƙa da ranar 3 ga Fabrairu, 1903, ranar da rundunar Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta ci Kano, a lokacin da Sarki Alu yake hanyar dawowa daga Sakkwato. Sojojin sun fara gwada Dukawuya ba su samu shiga ba, saboda yadda aka gina mashigarta a karkace don kada makami ya same ta kai-tsaye, sai suka koma Kabuga suka fasa. Mahayin keke na iya tsayawa a duka biyun cikin mintuna kaɗan ya ga tazarar da ke tsakaninsu.

Ba a ko'ina titi ke bin jikin ganuwa ba. A gabas da arewa kasuwanni da gidaje sun hau kanta, a wasu wuraren ma sai ɗan jagora ya nuna tudun da ya rage kafin a gane nan ta bi. Sashen kudu, daga Ɗan Agundi zuwa Kabuga a gefen titin tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, nan ne aka fi ganin ragowarta, kuma shi ya fi dacewa da wanda ba zai iya cikakken zagaye ba. Cikakken zagayen, da tsaye-tsaye da bayani, yakan ci sa'a uku zuwa huɗu.

Keke na kuma ba da damar ƙarasawa Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, a wajen ganuwa. Gidan laka ne da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya zauna a ciki, kuma a nan Nassarawa ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa a 1909.

Babban haɗarin wannan hanya shi ne cunkoson ababen hawa, domin titunan ba su da layin keke na musamman. Don haka a fita da sassafe, a jera ɗaya bayan ɗaya, ɗan jagora a gaba, wani gogagge a baya. A sauka a tura keke a mahaɗar Ƙofar Nassarawa da Ƙofar Mata da Kabuga, da kuma bakin kasuwannin Wambai da Ƙofar Ruwa. A duba birki da iskar taya da ƙararrawa kafin a tashi, a sa hular kwano, a riƙe famfo da kayan faci ko da yake ba a rasa masu gyaran keke a hanya.

Lokaci da shiri da ladubba

Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ya fi daɗin tafiya, sai dai hazo kan rage abin da ake hangowa daga Dala, kuma mai ciwon asma ya tanadi takunkumi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan kai digiri 40, don haka a gama kafin hantsi ya dubi ludayi. Da damina, musamman a watan Agusta, lunguna kan yi caɓi, matakalar dutse kuma ta yi santsi.

Ranar Juma'a titunan da ke kewaye da masallaci da fada kan cika tun kafin azahar. Safiyar Asabar ko Lahadi ta fi sauƙi ga masu keke. A kwanakin Sallah, lokacin Hawan Sallah da Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, birni na kan ganiyar kyansa, amma keke ba shi da wurin bi, sai dai a nemi wurin tsayawa da wuri. A watan Disamban 2024 UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na bil'adama.

Cikin birni gidajen mutane ne kafin ya zama wurin kallo. A yi sallama ga dattawan da aka tarar a ƙofar gida. Namiji baƙo ba ya wuce zaure sai da iznin mai gida. Kada a ɗauki hoton mutum, musamman mata da yara da almajirai, ba tare da an tambaya ba, haka ma jami'an tsaro da dogarai. A yi shiga ta mutunci, a tsaya idan an kira salla, wanda ba Musulmi ba kuma ya tambaya kafin ya shiga harabar masallaci. A riƙe ruwan sha da takalmi mara tsini da ƙananan kuɗi, a kula da waya da aljihu a cikin turmutsutsu.

Abin da ake gudun rasawa

Tun 2007 aka sanya ganuwar Kano da wuraren da ke tattare da ita cikin jerin wucin-gadi na UNESCO, matakin da ake bi kafin a amince da wuri a matsayin gadon duniya. Har yau wurare biyu kaɗai Najeriya ke da su a cikakken jerin: Sukur a Jihar Adamawa, tun 1999, da Kurmin Osun a Osogbo, tun 2005. Sharaɗin shiga jerin shi ne wurin ya kasance yana nan da asalinsa, kuma akwai tsarin kare shi.

A nan matsalar take. Ganuwar ƙasa tana buƙatar yaɓe a kai a kai, aikin da a da ake raba wa unguwanni da garuruwa bayan kowace damina. Da aka daina wannan gayya, ruwan sama ya yi ta zaizayarta, masu gini suka yi ta ɗiban ƙasarta, aka mayar da ramin bayanta juji, aka kuma yanka filaye a kanta. An rushe tsofaffin ƙofofi don faɗaɗa tituna aka maye gurbinsu da na siminti, kamar yadda aka yi wa Ƙofar Na'isa a 2010. Gidajen laka masu ado su ma suna raguwa, domin magada kan ga bulo da kwano sun fi sauƙin kulawa.

Yawon ƙafa da na keke ba zai gyara ganuwa shi kaɗai ba, amma yana sa abin da ya rage ya zama mai daraja ga waɗanda ke zaune kusa da shi. Kuɗin mai yawo a mota yakan tsaya a otal da gidan mai. Na mai tafiya a ƙasa yana shiga hannun marini da baduku da mai fura da mai shayi da matashin unguwa da ya koyi tarihin ƙofarsu. Mai gidan da baƙi ke tsayawa kallon zaurensa yana da dalilin sake yaɓe shi maimakon ya rushe.

Kuma ba sai an jira baƙi daga Turai ba. Ɗan kasuwar da abokin cinikinsa ya zo daga Legas ko Yamai ko Injamena, da ma'aikacin da aka turo Kano taro ko aiki, da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, da malamin makarantar da ke koyar da tarihin Rumfa a kan allo, duk suna iya ware safiya guda. Abin da ake buƙata shi ne takalmi mai daɗin tafiya ko keke mai lafiyayyen birki, da ɗan jagoran da aka daidaita da shi, a kuma tashi daga Gidan Makama kafin rana ta take.